Taurari Biyar a Kottayam

Ranar sallama suka miƙo mini takarda da biro:
"Baba Ouseph, auna mana gamsuwarka,
daga tauraro ɗaya zuwa biyar."
Ni da na shekara arba'in ina tsaga itacen roba,
ina auna madararsa a ɓawon kwakwa,
yau an ce in auna jinya.

Kwana goma sha tara na yi a gado na bakwai,
ruwan damina na dukan kwanon asibiti
kamar mai bin bashi.
Ciwon sukari ya ci yatsu biyu a ƙafata,
ya bar ni da tsoron tafiya.

Aleyamma ce ta dare.
Shekara talatin da ɗaya tana wannan ɗaki,
gwiwarta har ƙara take in ta durƙusa.
Ba ta lalube da ido.
Yatsa take ɗorawa, ta kau da kai,
ta tambaye ni farashin roba a kasuwa,
kafin in gama zagin dillalai
allura ta sami jijiya.

Jincy ce ta safe,
tawadar digirinta ko bushewa ba ta yi ba.
Sau uku ta soke ni ran farko,
ta ba ni haƙuri sau tara.
Na ce wa matata Thresia, da ƙarfi don a ji:
"'Yar koyo aka turo mana."
Yarinyar ta sunkuya don kunya.

Safiyar Laraba na ture shayi.
Ba zazzaɓi, ba raɗaɗi, kasala kawai.
Jincy ta ƙirga numfashina tana kallon agogo,
ta jera lambobin yau da na jiya da shekaranjiya
yadda aka koya mata a aji,
sai ta kwasa da gudu,
warin takalminta ya suɓuce a hanya.

Likita ya ce cuta ce ta fara shiga jini,
da an kai la'asar, sai dai ƙararrawar coci.
Da yamma tsohuwar ta saka tabarau,
ta ja kujera kusa da ita:
"Nuna mini abin da kika gani, ɗiya."

Washegari kuma na ga ta kama yatsan yarinyar
ta ɗora a damtsena:
"Rufe ido. Kar ki duba. Ji."
Na zama allo, ban yi ƙorafi ba.
Sau ɗaya aka soke ni,
na ma yi kamar ina barci, gaskiya.

To, ga takarda.
Ta tambayi tsabta, ta tambayi fara'a,
ba ta tambayi takalmin da aka bari ba,
balle gwiwar da ke ƙara.
Na zana wa kowaccensu biyar, hannuna na rawa,
Thresia na leƙe ta baya.

Shinkafarsu kam, da ruwan nan da suke kira miya,
tauraro ɗaya.