Afrilu a Tsibirin Lemuy

Afrilu ya shigo Lemuy da jiƙaƙƙen takalmi.
Tuffa na faɗowa a bayan ɗaki, tim, tim,
ba wanda ya girgiza bishiyar.
Na cusa itace a murhu, na ja kujera,
shafi na ɗari uku da sha ɗaya yana kallona
irin kallon mai bin bashi.

Shekara bakwai ke nan ina gina wani gari
a gadon bayan kifin da ya fi tsibirin nan girma,
garin da ake biyan haraji da mafarki,
inda mai gadin fitila ya san sunan kowace iska.
Ranar Talata na kashe shi.
Layi huɗu kacal, ko tari bai yi ba.
Na tashi na dafa miyar kifi, na kasa sha.

Laraba Fresia ta bugo daga Santiyago,
murya na yankewa, ruwa na dukan kwano:
"Herminia, labari biyu ne, wanne zan fara?"
Na ce mai ɗacin, zuma ta biyo baya.
An ɗaga littafi na uku sai Oktoba,
takarda ta yi tsada,
kuma a rage shafi casa'in.
Casa'in!
Kasuwar 'yan gishiri ke nan gaba ɗaya,
da tsohuwar da ke saƙa hazo ta sayar kamu-kamu,
wadda na ɗauko hancinta daga fuskar kakata.

Mai daɗin kuwa:
wasu a Lisbon za su juya na farko zuwa bakinsu.
Na lissafa kuɗin a bayan ambulan.
Sun isa kwanon rufi shida da ƙusa,
in Baldomero ya sassauta mini kuɗin aiki.

Ta turo hoton bango.
Mai zanen ya damƙa wa yarinyata takobi.
Ilwen, da ko wuƙar yanka albasa ba ta riƙe daidai,
Ilwen, da ta ci yaƙi biyu da sandar tuƙin kwalekwale!
Na rubuta amsa mai zafi, na goge,
na rubuta "madalla da launin tekun",
sannan na roƙi sandar a layin ƙarshe.

Da la'asar Baldomero ya zo auna rufi,
da buhun dankali, baƙi da ja, ƙasa a jikinsa.
Bai taɓa karanta ni ba, jikarsa ke karanta masa.
Ya tsaya a kan tsani ya leƙo:
"Mai fitilar nan, yana nan lafiya?"
Na ce ruwa na zuwa, ya yi sauri.

Akwai kuma wasiƙa daga Punta Arenas,
wani Nibaldo, ɗan shekara sha ɗaya,
da rubutu kamar tafiyar ƙaguwa:
a taswirar littafi na biyu
kogin Arum yana hawa dutse maimakon sauka.
Na ɗauko taswirar. Yaron bai yi ƙarya ba.
Editoci uku, idona biyu da tabarau,
duk mun ƙetare kogin ba mu jiƙe ba.

Yanzu rana na kwanciya tun kafin kaji su gama kiwo.
Jirgin fito ya rage zirga-zirga,
hayaƙi na kwance a kan rufin maƙwabta.
A arewa, an ce, furanni ke buɗewa.
Mu nan muna tara itace, muna ƙirga kyandir.

Shafi casa'in zan cire, na ji.
Amma daren jiya na ƙara biyu:
dole kogi ya sami dalilin hawa dutse,
kuma ina zargin
wani ne a can sama ya kunna fitila.