Ranar da Baba Ya Zama Baƙo

Shekara talatin da ɗaya
babana Gualtiero yana tuƙa taram a Milano,
hannu a birki, ido a kan dogo,
babban coci na wucewa ta gefen kunnensa
kamar maƙwabcin da ake ɗaga wa hannu ba a tsaya ba.

Yau na ce masa: ɗauko hularka, mu je mu yi ƙauyanci.
Mu ɗaga kai, mu saki baki,
mu tsaya tsakiyar hanya har 'yan gari su yi mana tsaki.

Muka bi layi bayan masu jakar goyo.
Matakala ta cinye masa numfashi,
ya tsaya sau uku, yana cewa laifin takalmi ne.
A kan rufin, farin dutse ya tsiro tsini-tsini,
kowane tsini da mutum-mutuminsa,
tattabaru na yi musu rashin kunya.
Baba bai dubi ko ɗaya ba.
Ƙasa ya leƙa, ya nuna wani ɗan abu ruwan ɗorawa
da ke rarrafe tsakanin gine-gine:
"Yaron can ya shiga kwana da gudu.
Tsofaffin ciki duk sun zube a kan juna."

Tashar jirgi kuwa, kai ka ce don ƙattin farko aka gina ta.
Na sayi tikiti biyu, ya karɓa ya duba kuɗin,
ya ce da can wannan kuɗin cefanen mako ne.

Na ba shi wajen taga.
Bai san yadda zai yi da hannuwansa ba.
Monza ta wuce da shanyar mutane a baranda,
masana'antu, ciyawa, bayan gidaje,
sai duwatsu suka miƙe tsaye bayan Lecco.
Jirgi ya faɗa rami, duhu,
ya fito, ga ruwa shuɗi har ƙarƙashin taga,
duhu kuma,
ruwa,
kamar mai rowa da ke buɗe tafin hannu yana rufewa.
"Ashe haka ake ji," in ji Baba,
"ka zauna kawai, wani ya kai ka."

A Varenna gidaje sun hau kan juna don ganin tafki,
ja, rawaya, kalar ɓawon lemo.
Ya ja ni neman wani benci
inda ya ce shi da innata Nives
sun taɓa raba burodi ɗaya kafin a haife ni.
Babu benci.
Wata yarinya ce a wurin tana sayar da askirim.
Ya tsaya yana auna wurin da ido,
daga bishiya zuwa bakin ruwa, daga ruwa zuwa bishiya,
har yarinyar ta ce, "Kaka, wane iri?"
Ya sayi na lemon tsami, wanda shi ba ya sha.
Ya riƙe shi har ya zubo masa a yatsu.

Muka ci busasshen kifin tafki da tuwon masara,
gishiri ya yi yawa, ya cinye har da nawa.
Jirgin ruwa ya zo, ya yi kuka, ya ɗebi baƙi.
Na ce mu ƙetara.
Ya ce a'a, tsallaken can ya fi kyau daga nan.

Da yamma duwatsu suka tsoma inuwarsu a ruwa,
fitilu suka fara kunnuwa ɗaya-ɗaya a wancan gefe.

A jirgin dawowa barci ya sace shi kafin rami na biyu,
hula a gwiwa, yatsu na danƙo.
Amma duk tashar da muka doso,
sai in ga hannunsa na dama ya motsa a hankali,
yana tsayar da mu
yadda ba wanda zai zube.