Zufar Gilashi

A kan soron gidanmu a Garin Malam
na kafa akwatin da zai ba ni digiri ko ya hana ni.
Illiya mai walda ya haɗa ƙafafunsa,
jika bakwai, na biya biyar, yana bina biyu.
Murfin kuwa tagar tsohuwar motar haya ce,
har yau da guntun rubutu a gefe: "Sai haƙu"
ragowar ta tafi da haɗarin da ya kashe motar.

Na shafe tire da baƙin fenti,
na zuba ruwan rijiyar ƙauyen Iya Gambo,
bido biyu, ƙanena ya ɗauko a bayan babur.
Ruwan da sabulu ke shiga ya ƙi kumfa.
Ruwan da ya rina haƙoran yaran garin
tun kafin su san ɗanɗanon goro.

A allo abin ba wuya.
Rana ta dafa, tururi ya tashi,
gilashi ya tare shi, ya yi zufa,
zufa ta gangaro, kanwa ta zauna a ƙasa.
Lita huɗu a wuni, in ji allin Dakta Mutari.

Ranar farko, rabin kofin shayi.
Na rubuta.
Rana ta biyar na gano tururin yana sulalewa ta kusurwa,
na toshe da robar tayar keke.
Rana ta tara akuyar maƙwabta ta hau matakala,
ta ture kwalbar, ta lashe bincikena,
ta dube ni tana tauna.
Wannan ma na rubuta, Dakta ya ja masa jan layi.

Na karkata gilashin, na sake karkatawa.
Na koyi zama da azahar
lokacin da duwatsun Damagaram ke huci,
ƙadangare ma ya nemi inuwa,
ni da agogo da ma'aunin zafi,
ina kallon ɗigo ɗaya yana shawara,
ya kumbura, ya yi jinkiri,
ya tarar da ɗan'uwansa, su gangara tare.
A ƙasa masu ga-ruwa na tura kura,
ba wanda ya ɗaga kai.

Mako na shida, lita ɗaya da kwata uku.

Na sauko da kwalbar a hannu biyu.
Iya Gambo ta kurɓa, ta juya shi a baki,
ta daɗe ba ta haɗiye ba.
"Ba ɗaci," ta ce. "Amma wannan ruwa maraya ne,
bai san ƙasa ba."
Ta juye shi a randa ya kwana.
Da safe ta sha kofi biyu, ba ta ce komai ba,
sai dai ta hana kowa taɓa moɗar.

Da la'asar na same ta a kan soro,
ita da gwiwar da take kuka da ita,
tana kankare farin ɓawon da ya rage a tire,
abin da na kira "sharar aiki" a shafi na talatin.
Ta ƙulle shi a bakin zane.
Ranar wake ya nuna da wuri.

Ranar kare kundi, malami na uku ya cire tabarau:
"Ƙauyen, mutum nawa?"
Ɗari takwas, ban da dabbobi.
"Akwati nawa ke nan?"
Na yi lissafin a tsaye, bakina ya bushe.
Tagogin motocin tashar Zinder duka ba za su isa ba.
Na faɗi adadin. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Sun ba ni sha huɗu bisa ashirin.

Akwatin yana nan a soro, yana zufarsa.
Illiya ya zo karɓar jika biyunsa,
ya zagaya shi, ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashi,
ya ce in an yi mai hawa biyu fa,
zafin na ƙasa ya dafa na sama?
Na ɗauko littafin awo.
Saura shafi goma sha ɗaya.