Abin da Tsintsiya Ta Sani

Ƙarfe huɗu da rabi a Duluth, rana ta naɗe tabarmarta,
motar makaranta mai ruwan ƙwai ta kwashi hayaniya ta tafi,
ta bar ni da shiru, da bokiti, da makullai goma sha tara.
Ni ne Arvid Koskela.
Shekara ashirin da shida ina share aji biyu bayan an watse.
Ban taɓa ganin darasi ba,
ɓurɓushinsa kawai nake tararwa.

Litinin takan zubar da baƙaƙe a ƙasa,
na takarda, yankan almakashin yara, baki a karkace.
Na tsinci "b" a ƙarƙashin kujerar Tobiah,
na kifa ta, sai ta zama "d".
Na ce, yaro, ba laifinka ba ne,
ni da furfurata ma ta sha yi mini haka.

Talata ranar wake ce.
Malama Lindqvist da busasshen wake take koyar da ƙirga,
goma-goma a 'yan kofunan takarda.
Waɗanda suka cika goma su shiga gida,
ragowar su kwana a waje.
Kullum sai tsintsiyata ta zaƙulo wasu daga lungu.
Wato a wani gida cikin garin nan
akwai yarinyar da lissafinta ya ƙi cika,
tana zargin kanta,
amsar kuwa tana aljihun rigata.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta.
Laraba a nan ba ta barin shara,
sai gurbin gwiwoyi, biyu-biyu, a kan dardumar karatu,
da littafi ɗaya a kife kamar rumfa.
Wani ya tsaya a shafi na tara,
inda ƙaramin jirgi ya maƙale cikin ƙanƙara.
Na jingine tsintsiya, na zauna a kujerar da ba ta kai gwiwata ba,
na bi layin da yatsa, leɓena na motsi,
yadda nake bin takardar asibiti in ba kowa a ɗakin.
Jirgin ya fita. Na so in gaya wa wani.

Alhamis sun ci kasuwa da kuɗin roba.
Na sami kwabo huɗu cikin takalmin da aka manta.
Ban taɓa su ba. Dukiyar mutane ce.

Sai Juma'a.
A bakin allo, manne da salatif, ga 'yar takarda,
rubutun yana gangara kamar titinmu zuwa tafki:
"Mai shara, wakena uku sun ɓata.
In ka gani ka ajiye. Pa Houa."
Harafi ɗaya ya juya baya, yana kallon inda ya fito.

Biyu na ciro daga aljihu.
Na ukun na san inda yake tun makon jiya:
bayan bututun da ke ɗumama ajin,
inda tsummana ke ɗiga ruwa kowace yamma,
ya tsage, ya fito da farin harshe,
bai tambayi kowa ko wane wata ake ciki ba.
A waje dusar ƙanƙara ta binne shinge har wuya.

Na ɗebo ƙasa daga tukunyar furen ofis,
na dasa shi a kofin gomomi, na kai taga.
Na ari fensir. Ya daɗe a hannuna kafin ya taɓa takarda,
rabona da rubuta wa wani abu tun rasuwar Helmi.

"Ga biyu.
Ɗayan ya ƙi ƙirguwa, yana taga.
Ki ba shi ruwa.
Nawa zai zama, sai ƙanƙara ta narke mu gani."

Na duba kowace "b" sau biyu.
Na kashe fitila.