Kabad ɗin Farfesa Quilodrán

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Ta kan kogi yake shigowa, ya bi mu har ƙofar tsangaya,
mu takwas, masu jan digiri na uku kamar kaya a tudu,
kowa da lemarsa tana ɗiga a gindin kujera.

Duk Talata Farfesa Eliana Quilodrán
tana koya mana yadda ake koyarwa.
Ni da na haddace sunan kowace gansakuka a dajin Oncol,
ban san me zan ce wa ɗan shekara sha tara
har ya ɗago kai daga wayarsa ba.

Kabad ɗinta na ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ta karkace.
Can sama manyan littattafai na masana,
ta ce mu karanta, mun karanta,
sun zauna a ciki kamar dutse a rijiya.
A tsakiya katuna masu launi, guntayen alli,
tsohuwar kyamara mai ƙafa uku,
da 'yar kwalbar yashi mai siririn ƙugu.

"In ka yi tambaya, juya ta," in ji ta.
"Kada ka buɗe baki sai yashin ya sauka."
Daƙiƙa goma sha biyu ce kacal.
Baltasar, mai lissafin taurari, bai kai biyar ba
ya amsa wa kansa, ya kuma gode wa kansa.
Muka yi dariya har aka zo kanmu.

Kyamarar ba ta da kunya.
Na ga ƙeyata minti arba'in tana hira da allo.
"Kun gane?" sau ashirin da uku,
Ximena ce ta ƙirga, da ɗan karan shayinta a baki,
ba sau ɗaya na juyo na ga ko sun gane ba.

Ranar ƙarshe wuta ta ɗauke.
Farfesa ta durƙusa, gwiwarta na ƙara,
ta jawo wata jaka daga ƙasan kabad,
mai ƙura, ɗaure da zaren takalmi.
A bayanta da rubutun hannu:
Darussan da suka mutu a hannuna.

Shekara talatin da ɗaya, takarda kan takarda.
Ranar da ta zo da misali bakwai, lokaci ya ci shida.
Ranar da ta raba su rukuni-rukuni ba ta ba su abin yi ba.
Da wata 'yar gajeruwa, layi huɗu:
yaro daga Corral, ɗan masunci, kujerar baya,
ya yi tambaya da harshen gidansu,
na gyara masa lafazi kafin na amsa.
Bai dawo ba.

Ba wanda ya yi tari.
"Na saman a ɗakin karatu ma akwai," ta ce.
"Wannan ku kwafa."

Maris ya zo, aka ba ni aji,
fuska sittin, rigunan ruwa na tururi.
Na ajiye gansakuka jiƙaƙƙiya a kan kowane tebur,
na ce, me ya sa ba ta da saiwa amma ba ta mutu ba?
Na juya kwalbar da na aro, cikin aljihu.

Shiru.
Har kukan zakunan teku na kasuwar kifi
ya haye kogi ya shigo ta taga.
Harshena na ƙaiƙayi. Na cije shi.
Tara. Goma.
Can gefe wata mai rawayar hula
ta ɗaga hannu iya kafaɗa, kamar mai taɓa ruwan wanka.

Amsarta ba daidai ba ce.
Na ce, ci gaba.

Da yamma na tsaya shagon takardu a titin Picarte,
na sayi jaka, babu komai a ciki.
Na manta sunan yarinyar ban tambaya ba.
Shi na fara rubutawa.