Rumfar Arvid

A watan Oktoba na saye ta,
dala ɗari biyu da tamanin, a hannun Verna Tollefson,
can bayan Minot, inda kwalta ke ƙarewa.
Rumfar akori-kura ce, da fara,
yanzu ta koma launin haƙorin tsoho.
Taga ɗaya ta tsage, ƙofar baya sai an lallaɓa ta.
"Ta Arvid ce," in ji Verna, ba ta ƙara ba.
Jikokinta uku suka ɗora min, kowa da kusurwarsa,
ni na kama ta huɗu ina ba da umarni
kamar wadda ta san abin da take yi.

Duk hunturu ta yi min rana.
Buhunan abincin kaji ba su jiƙe ba,
kare ya daina kallona da idon zargi.

Sai ga Afrilu. Ƙanƙara ta saki ƙasa,
dammunan ciyawa na jirana a gonar Lyle,
su kuwa ba sa sunkuyo don shiga ƙarƙashin rufi.
Na kira ɗana Curtis: yana Williston, wajen haƙar mai, sai ƙarshen wata.
Lyle an yi masa aiki a kafaɗa.
Maƙwabci na gaba mil tara ne,
rabonmu da gaisuwa tun rigimar shinge.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Wanda ya faɗa bai gwada da gadon baya ba.

Duro huɗu na gangaro daga bayan rumbu,
biyu nan, biyu can. Dogayen katakai biyu.
Noti uku suka bi sifana ba gardama,
na huɗu tsatsa ta aure shi.
Na ɗiga masa mai, na sha kofi, na zage shi,
na sake ɗiga masa mai.
Ya saki da ƙara, ya tafi da fatar yatsana.

Na rarrafa ciki.
Warin tsohon kifi, da roba, da rigar wani.
Na durƙusa a tsakiya, na kafa baya a rufin,
na ce da gwiwoyina: shekara hamsin da takwas muna tare,
yau ba ranar jin kunya ba ce.
Na miƙe.

Ta ɗaga. Ɗan yatsa, yatsa biyu, tafin hannu.
Iskar Dakota, wadda ba ta taɓa rasa aikin banza ba,
ta shigo ta ƙasa tana neman raba mu.
Na tsaya cak, ni da ƙoƙona, kunkuru a bayan mota,
ina tura katako da ƙafa ɗaya
har bakinsa ya hau duro.

Da na kwanta rigingine ina mai da numfashi
na ga rubutun.
Da fensir, a cikin rufin, inda ba mai gani sai wanda ya kwanta:
kwanan wata, sunan tafki, nauyin kifi,
layi bisa layi, shekara goma sha shida.
A ƙasa can, hannu ya fara rawa:
"Ban kama komai ba. Verna ta zo. Rana mai kyau."

Na daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata.

Katako na biyu bai ba ni wuya ba,
ko kuwa bayana ne ya riga ya haƙura.
Na tada mota, giya ta ɗaya, ƙafa a kan birki,
ina kallon madubi kamar mai zare ƙaya.
Motar ta fito tsirara, ta yi sauƙi, ta yi ƙuruciya.
Rumfar ta tsaya a kan duronta huɗu,
kaji har sun fara leƙawa.

Da dare na shafa man zafi, na nemi lambar Verna.
Na ce, "Kin taɓa kwanciya a cikinta kin dubi sama?"
Ta ce a'a, me ya faru?
Na ce ranar Lahadi ta zo da tabaranta,
zan shimfiɗa mata bargo a ƙasa.