Farcen Hannun Dama

Shekarar da jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin Apapa
Sallau dako yake yi, buhu a wuya, kwabo a aljihu.
Akwai wani kukun jirgi, Anselmo, mutumin Kadis,
wata bakwai a kan ruwa, ba gaba ba baya.
Kullum da magariba sai ya zauna kan tulin igiya
yana kaɗa jita kamar mai rigima da ita.

Sallau ya ajiye buhu ya tsaya.
Ranar aka yanke masa kuɗin yini.

Ba harshen da ya haɗa su sai tafi.
Sha biyu ake ƙirgawa, in ji kukun, da yatsu,
amma nauyin ba ya sauka inda kake jiransa:
uku, shida, takwas, goma, sha biyu.
Sallau ya ce, ai haka raƙumi ke sauka gangare.
Da jirgi ya tashi aka bar masa jitar
da kalma guda: falamanko.

Ni ne maƙwabcinsa a Agege, falanki ne tsakaninmu.
Na san daren da tsirkiya ta tsinke,
gari na wayewa ya tafi Makoko neman zaren fatsa.
Na san ranar da ya bar dako don kada farce ya karye.
Kande ta yi wata guda ba ta tanka masa ba,
wai namiji da farcen shaho, gida ba nama.

Ya yi wasa a manyan otal na Ikoyi,
cokula na ƙara, ana ciniki a kan muryarsa.
Suka ce ya sa jar riga. Ya sa.
Amma da ya buɗe baki Hausa ce ta fito,
kukan nan mai tsawo da ke karyewa a maƙogwaro,
yana kiran Gummi, garin da bai koma ba,
yana kiran uwar da aka binne
shi yana kan gada, cunkoso ya riƙe shi.
Mutanenmu suka ce kiɗan Turawa ne.
Turawa suka ce, a'a, ba namu ba ne.

Kaset ɗaya ya yi. Waƙa tara, duk tsarinsa.
Bayan sati biyu ya gan shi a Alaba
da hoton wani ƙato a jiki.
Ya ciro kuɗi ya sayi guda, bai nemi ragi ba.

Yanzu sanyin ƙashi ya nannaɗe yatsun.
Jitar na rataye a ƙusa, damshin Ikko ya kumbura mata ciki.

Jiya muna cikin danfo a Oshodi,
kwandasta na dukan jikin mota, yana kiran fasinja,
na ga Sallau ya lumshe ido, leɓe na motsi,
farcen nan, da har yau bai yanke ba, na taɓa gwiwa.
Can ya juyo ya ce da ni:
Yaron nan ya kusa.
Takwas ɗinsa ce ke latti.